Asibitoci biyu a Agege, da yadda kowanne ya auna 'yata

Ina sana'ar shanu a mayankar Oko-Oba da ke Legas, iyalina kuma suna Agege. A damina da ta wuce 'yata mai shekara bakwai ta kwana uku da zazzaɓi, sai na kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bayan layinmu, inda yawancin 'yan uwanmu Hausawa ke zuwa.

Likitan bai taɓa jikinta ba. Ya tambayi kwanakin zazzaɓin, ya ja takarda ya jera gwaji huɗu: maleriya, Widal na taifot, yawan jini, da bayan gida. Ɗakin gwajin nasu ne, a cikin ginin. Kafin la'asar sakamako ya fito, abin da kowa a Legas ya saba ji: maleriya da taifot. Aka yi mata ƙarin ruwa da allurai, na biya abin da ya kai ribar kwana uku. Bayan mako guda jikin ya sake ɗaukar zafi, ga ta tana kuka duk lokacin da za ta shiga bayi.

Maƙwabciyarmu ce ta nuna wa mai ɗakina wata likita Bayarabiya wajen Orile Agege. Mun yi jiran sama da awa biyu a kan benci, ɗakin jiran babu iska, kuma wannan aibi ne da ya kamata su gyara. Amma da muka shiga, ta ɗauki lokaci. Ta latsa cikin yarinyar, ta leƙa kunne da maƙogwaro, ta sa wata nas mai jin Hausa ta tambaye ta da kanta inda ke mata ciwo. Yarinya ta ce fitsari ne ke mata zafi. Ni ubanta ban sani ba, kunya ta hana ta faɗa.

Da na miƙa mata tsohuwar takardar, ta ce, "Alhaji, wannan Widal ɗin kar ka dogara da shi." Ta bayyana cewa gwaji ne da wani likitan Faransa ya ƙirƙiro tun 1896, kuma yakan nuna taifot ga wanda ya taɓa yin cutar a baya, ko wanda maleriya ce kawai ke damunsa. Mai son tabbaci sai an ɗebi jini an ajiye kwanaki a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro. Ta ƙara da cewa gwajin maleriya na gaggawa, mai fitowa cikin kamar minti 15, yakan ci gaba da nuna cutar makonni bayan an warke, don haka ta sa aka duba jinin da madubin likita. Babu maleriya.

Gwaji biyu kawai ta rubuta, wannan da na fitsari, kuma ta ce mu yi su duk inda muka ga dama. Na fitsarin ya ɗauki kwana uku, ya nuna ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta. Da shi 'yata ta warke.

Abin ya tsaya mini a rai, domin mu kanmu muna da laifi. A mayanka na sha jin ana cewa likitan da bai rubuta gwaji da yawa ba bai san aiki ba, wasu ma da kansu suke cewa a duba musu taifot tun ba a tambaye su komai ba. Likitan farko ya ba ni abin da na saba gani, gwaji huɗu, babu ko ɗaya da ya taɓa wurin ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2010 ta ce a gwada kafin a ba da maganin maleriya, kuma hakan daidai ne, sai dai gwajin ya kamata ya biyo bayan tambaya da duba jiki.

Na buɗe wa iyalina kati a wurin likita ta biyun. Wanda zai je ya yi sammako, ya tafi da duk tsofaffin takardunsa da kwalayen maganin da ya sha, don za ta nema.