Akwatin wuta ko RAM: wanne ya hana tsohuwar kwamfutar tebur tashi?

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutarka ta tebur ta daɗe a ajiye, yanzu in ka danna maɓalli fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin, kana tambaya ko akwatin wuta (wanda ke ba kayan cikin kwamfutar wuta) za ka saya ko RAM ('yar sandar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinta). Kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Daga nesa ciwon biyu sun yi kama, amma kowanne da irin tafiyarsa.

In akwatin wuta ya mutu murus, ba ka jin komai: ba fanka, ba fitila, kamar ba a jona ta ba. RAM ba ta haddasa wannan, ko ka zare ta gaba ɗaya fanka za ta juya. Inda ake ruɗewa shi ne akwatin da bai mutu ba, gajiya ya yi. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar soket ya rarraba ta zuwa volt 12, da 5, da 3.3. In kafasitocin cikinsa, wato ƙananan kayan da ke tara wuta, suka tsufa, yana iya juya fanka, don ita ba ta da cin wuta, amma da furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta nemi nata kason sai ya kasa. Shi ya sa za ka ga fanka ta zabura ta tsaya bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, ko sai ka danna sau uku sau huɗu kafin ta kama. Matsalar RAM kuwa galibi fanka na tafiya abinta ba tsayawa, allo ko harafi ɗaya babu, in kuma akwai 'yar ƙaramar sifika a jikin madabod, babban farantin da ake jona komai a kansa, sai ka ji tana ta tsuwa.

Gwajin RAM ba ya cin ko sisi, shi ya sa nake fara shi. Zare wayar wuta, danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita, ka buɗe murfin kwamfutar, ka taɓa ƙarfen jikinta da hannunka. Sai ka buɗe maƙalan nan biyu na gefen ramin RAM, ka ciro sandar, ka goge haƙoranta masu ruwan gwal da magogin fensir a hankali, ka hure ƙurar ramin. Wajen mayarwa mutane ke jin tsoro, su ɗora ta sama-sama. Danna da manyan yatsu biyu har ka ji ƙas a kowane gefe. In sanduna biyu ne, gwada ɗaya-ɗaya, ka kuma canja rami. Akwai wata dabara: cire su duka ka kunna. In ta yi tsuwa, madabod na da rai, ta lura an ɗauke mata abu.

Na akwatin wuta ya fi neman natsuwa. Zare babban fuloginsa mai ramuka 24 (a tsofaffi sosai 20 ne) daga jikin madabod, ka lanƙwasa 'yar waya ka haɗa ramin koriyar waya da na baƙa ɗaya, sannan ka jona wuta. In fankarsa ba ta motsa ba, da wuya ya yi rai. In ta motsa, abin da ka sani kawai shi ne bai mutu ba, ba wai lafiyarsa lau ba. Sai ka sa mitar awon wuta: waya mai ruwan ɗorawa ta nuna tsakanin volt 11.4 da 12.6, ja kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Ko wannan ma awo ne ba tare da kwamfutar na jan wuta daga gare shi ba, don haka aron wani akwatin mai lafiya ya fi yanke gardama. Kada dai ka kwance murfinsa, yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi.

Wajen saye kowanne da tarkonsa. Nau'o'in RAM na DDR2 da DDR3 duk haƙora 240 gare su, amma tsagar tsakiya ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya, in ka tilasta ka karya ramin. Akwatin wuta kuma, wasu kwamfutocin Dell da HP suna zuwa da nasu fulogin daban, na gama-gari ba ya shiga, kuma gwajin koriyar wayar nan ba nasu ba ne.

Yadda ka kwatanta, fanka na juyawa ba tsayawa bayan doguwar ajiya, ni RAM na fi zargi, kuma ba lalacewa ba, datti ne ko sassautawa. Tunda ka riga ka buɗe ta, duba batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai volt 3. Shekaru a ajiye suna ƙarar da shi, kuma wasu tsofaffin madabod kan ƙi tashi saboda shi kaɗai. Canja shi, ka gwada kafin ka je kasuwa.