Kai ƙara ko matatar saƙonni: wanne ke rage saƙonnin banza a imel?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka riƙa kai ƙarar masu cika maka akwati da tarkacen saƙonni, ko ka bar matata, wato manhajar da ke tace saƙonni, ta ji da su. Ba aiki ɗaya suke yi ba.

Matata kai take yi wa aiki, kuma nan take. Tana duba kowane saƙo kafin ya iso: daga ina ya fito, waɗanne kalmomi ke ciki, mutum nawa suka yi tir da irinsa. SpamAssassin, wani shirin tace saƙonni, alal misali, maki yake ba saƙo. A tsarinsa na asali, in makin ya kai 5 ya zama shara. Google ma na cewa Gmail na tare sama da kashi 99.9 cikin ɗari na saƙonnin banza. Aibin matata ɗaya: takan kwashe har da saƙon kirki, kuma Gmail na goge abin da ya kwana 30 a ma'ajiyar shara. Sai ka riƙa leƙawa, balle in kana jiran amsar neman aiki.

Kai ƙara kuwa jama'a yake amfana, a hankali. SpamCop, shafin kai ƙarar masu aika saƙonnin banza da aka kafa a 1998, yanzu kuma yake hannun kamfanin Cisco, za ka liƙa masa saƙon da cikakken bayanin hanyar da ya biyo, ya gano tushensa, ya aika koke ga masu kula da layin. Adireshin kwamfutar da ƙorafi ya yi wa yawa sai ya shiga jerin waɗanda ake toshewa. Amma kada ka sa rai akwatinka zai yi tsit gobe. Da yawa daga masu tura tarkacen da kwamfutocin bayin Allah da suka yi wa kutse suke aikawa. A toshe wannan, su koma waccan.

Ni dai shawarata, ka riƙa danna maɓallin ƙorafi da ke cikin akwatinka maimakon gogewa kawai. Yana koya wa matata, kuma yana da nauyi: tun 2024 Google ya wajabta wa masu aika saƙo sama da 5,000 a rana kada ƙorafi a kansu ya kai kashi 0.3 cikin ɗari.

Kamfanin da ka yi wa rajista da kanka, cire sunanka kawai. Wanda ba ka sani ba, kada ka taɓa komai a saƙonsa, don hakan na shaida masa adireshin na aiki. SpamCop ya fi dacewa da mai kula da imel ɗin ma'aikata.