Berat ko Gjirokaster, wanne gari za ka fara zuwa a Albaniya?

Ni dai Berat nake so gaskiya. Daga Tirana babban birnin kasar tafiyar kamar awa 2 ce a mota, ga kogin Osum ya raba unguwar Mangalem da Gorica, fararen gidaje masu tagogi rututu a jikin tudu, kuma har yau akwai mutane zaune cikin ganuwar da ke saman dutsen, ga tsofaffin masallatai sallah ba za ta yi maka wuya ba. Gjirokaster kuwa can kudu take kusa da iyakar Girka, rufin gidajenta ma na dutse ne, UNESCO ta sa ta a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2005, Berat sai 2008. Amma fa Gjirokaster hawa ne sosai, mai ciwon gwiwa zai sha wuya. In kana da kwana 3 to ka je Gjirokaster din, idon ruwan Syri i Kalter na kan hanyar zuwa garin Sarande daga can.