Kamfanin da ya faɗaɗa mana majami'a: gini ras, amma batun sauti sai a hankali

'Yan'uwa da dama sun dame ni da tambaya kan kamfanin da ya yi mana aikin faɗaɗa majami'a a nan Sabon Tasha, Kaduna, toh bari in amsa wa kowa a wuri guda. Ba zan ambaci sunansu ba don akwai inda zan taɓa su, mai so ya same ni bayan sujada. A taƙaice dai in ƙashin gini kuke nema, fandesho da fila da rufi, ku ɗauke su ido rufe. In kuma kuna so a ji wa'azi har kujerar baya to sai kun haɗa da wani.

Duk wanda ya san Kaduna ya san tun bayan rikicin 2000 jama'a suka yi ta tsallako kogi suna tarewa a Sabon Tasha da Narayi da Romi da Gonin Gora, majami'un da aka gina don 'yan tsirarun iyalai suka wayi gari ba masaka tsinke. Tamu ma haka, an raba sujada biyu, ta Turanci da sassafe ta Hausa daga baya, duk da haka ranar Kirsimeti ko ranar godiyar kaka sai an kafa kanofi a waje, yara 'yan makarantar Lahadi kuwa gindin mangwaro ne ajinsu.

Abin da dattawa suka fara nema shi ne a ɗora galari a kan tsohon bango kawai, wai ya fi araha. Injiniyan kamfanin ya zo ya sa aka tona gefen fandesho, ya ƙwanƙwasa bulo ya ga yana marmashewa a hannu, ya ce shi kam ba zai ɗora dekin a kan wannan ba ko nawa za a ba shi. Wani baba a kwamiti ya fusata ya ce ai ginin nan tun kafin a haife ka yake tsaye. Shi ko ya ce haka ne Baba, amma kwano yake ɗauke da shi, ba kankare da mutane suna rawa a sama ba. Ya tuna mana da cocin nan na Uyo da rufinsa ya rufta kan masu sujada a Disambar 2016, wurin ya yi tsit. A nan na fara yarda da su gaskiya, don ɗan kwangilar da zai ƙi kuɗi ba kullum ake samunsa ba. Takardarsa ta COREN, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ma shi ya fito da ita ba mu tambaya ba, kuma su suka bi mana izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna.

Dabarar da suka yi ta burge ni sosai. Sun zagaye tsohuwar majami'ar da sababbin fila, suka tada sabon gini ya lulluɓe tsohon, muna ciki muna sujada duk Lahadi su kuma suna aiki Litinin zuwa Asabar, sai da rufi ya hau sannan aka rushe na cikin aka kwashe ɓaraguzai. Ba mu yi hayar ko'ina ba. Ranar Asabar da yamma sai sun share ƙusoshi da guntayen rodi saboda yara, wannan ma abin a yaba ne. Rufin da ƙarfe suka yi shi ba katako ba, mun huta da gara, sai dogon kwano na alminiyom. Da aka zuba dekin kuwa mun yi ta matsa musu su cire katakon tokara don bikin aure na tafe, suka ce kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, kullum ana ba shi ruwa, aka yi auren nan a ƙarƙashin kanofi amarya na ta kumbure-kumbure.

Kuɗi fa? Toh ba su da araha, kar wani ya ruɗe ku. Ga shi aikin ya faɗo daidai lokacin da aka cire tallafin mai a 2023, farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura naira dubu 10, rodi da tifar yashi kowa ya bi sahu. Sun zo da sabon lissafi, wannan ban ga laifinsu ba, kowa ya san kasuwa. Inda na ga laifi shi ne sai sun sayi kaya sannan su gaya wa kwamiti, ma'aji ya yi ta bin su kan rasit kamar mai bin bashi. Kuɗin nan fa baiko ne da zakka da na lonchin, har da wanda Zumuntar Mata suka tara da sayar da kunu da masa, dole a yi wa ikilisiya bayanin kowane kwabo. Ku sa a takarda tun farko, ba rasit ba biya.

Sai babbar matsalar. Sun shimfiɗa tayil ko'ina, bango sumul da fenti mai sheƙi, silin na POP can sama, tagogin gilashi manya-manya, a ido kam sai ka ce masha Allah. Amma fasto na buɗe baki a makirfo sai maganar ta dawo ta haɗu da ta bayanta, tsofaffin da ke ƙarƙashin galari suna ta tambayar juna me ya ce. In mata suka tashi waƙa da tulu da kacau-kacau, ga matasa da jita da ganguna, to sai dai ka bi da tafi don baitin ba ya fita. Da muka yi musu magana sai suka ce a ƙaro lasifika, wanda hakan ƙara dagula abin yake, don matsalar ba ƙarancin ƙara ba ce, babu abin da ke shanye sautin ne a ɗakin. Daga baya wani mai haɗa sauti ya zo ya sa labule masu kauri a bangon baya, da alluna masu soso, da kafet a bagadi, ya rarraba ƙananan lasifika maimakon manya biyu a gaba, sannan aka samu sauƙi. Da tun a zane aka kira shi da ba a fasa POP don jan waya ba.

Zafi ma haka, a galari watan Maris da Afrilu sai ka ga mutane na fifita da takardar sanarwa, ba su bar wa iska mai zafi hanyar fita ta sama ba, fankoki sai juya ta suke. Sola da inbata dai sun haɗa da kyau, ko an ɗauke wuta makirfo ba ya mutuwa. Ƙofofi sun wadata kuma waje suke buɗewa, sun yi gangare don masu keken guragu, bayin mata ma an ƙara.

Zan sake ba su aiki? E, ajujuwan makarantar Lahadi na nan tafe kuma kamfanin nan ne kwamiti ke son kira, amma wannan karon da mai sauti za a zauna kan zane, ma'aji kuma shi zai riƙa sayo siminti da kansa.