Ofishin Tallafa wa Ɗalibai ko Zaman Bita: Ina Ƙaninki Zai Fara Zuwa?

'Yar'uwa, kin ce ƙaninki ya shiga jami'a bana, shi ne na farko a gidanku da ya taka wannan matakin, ga shi kuma kunnensa ba ya ji sosai. Zangon farko ya ba shi wuya, shi ne kike tambaya: ofishin tallafa wa ɗalibai zai nufa, ko zaman bitar da 'yan manyan aji ke jagoranta? Duka biyun zai buƙata, amma ni a ganina ofishin ne na gaggawa.

Ofishi yana da iko, abokan karatu ba su da shi. Ki duba halin da yake ciki a babban ɗakin lacca: yana bin leɓen malami da ido, sai malamin ya juya wa ɗalibai baya yana rubutu a allo, bai kuwa daina magana ba. Wannan minti biyun ya wuce shi ke nan. Aboki zai ara masa littafi ya kwafa, iyakar ƙoƙarinsa ke nan. Ofishi kuwa takarda zai rubuta wa malamai: a ba shi kujerar gaba, a bar shi ya naɗi lacca, a sa rubutu a ƙasan bidiyo, a samo mai ɗaukar masa bayani ko mai fassara da yaren kurame, a ƙara masa lokaci a jarrabawa idan larurar ta kai ga haka. A ƙasashe da dama doka ce ta wajabta wannan. Amurka tana da dokoki biyu masu kare haƙƙin masu naƙasa, wato sashe na 504 na wata dokar 1973 da kuma dokar ADA ta 1990, Birtaniya tana da dokar daidaito ta 2010. Sai dai a jami'a ɗalibi ne zai kai kansa ya yi bayani, ba wanda zai zo nemansa, kuma galibi ba a komawa baya a gyara jarrabawar da ta riga ta wuce. Abin da ya fi damuna ke nan, domin yara da yawa kunya ke hana su zuwa har sai maki ya zube.

Zaman bita kuma amfaninsa daban ne. Sanannen tsarinsa Deanna Martin ce ta fara shi a 1973 a Jami'ar Missouri da ke Kansas City, daga baya ya bazu, a Ingila ana kiran irinsa PASS, wato zaman karatu da taimakon 'yan'uwa ɗalibai. Dabarar da ta burge ni a ciki: kwas mai wuya ake ware wa zaman, ba a ware ɗalibi a ce shi ne mai rauni, don haka kowa na iya shiga ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Jagoran ɗalibi ne da ya riga ya ci kwas ɗin. A wurinsa ƙaninki zai ji abin da ba wanda zai iya gaya masa a gida: cewa malamai suna da sa'o'in ganin ɗalibai, ƙwanƙwasa ƙofarsu ba rashin ladabi ba ne, da yadda ake neman ƙarin wa'adin aiki tun kafin ranar ta cika.

Kowanne da rauninsa. Ofishi akwai jira da cike takardu. Zaman bita ya danganta da jagoran da aka dace da shi, kuma idan mutum biyar suna magana lokaci guda, mai matsalar ji zai fi wahala a nan fiye da a lacca.

Saboda haka ya je ofishin cikin makon nan, da takardar gwajin jinsa daga asibiti. Ya tambaye su abin da za a faɗa wa malamai da abin da zai zama sirri. In ya shiga zaman bita, ya roƙi jagoran tun ranar farko a zauna a da'ira, a riƙa magana ɗaya bayan ɗaya.