Drunken Master ko Kung Fu Hustle? Ɗauki na Jackie Chan

Ɗan'uwa da ka tambaya wanne za ka fara nema tsakanin waɗannan biyun, ni duka na saya, amma ɗaya ne har yau yake cikin durowata. Drunken Master na 1978 za ka ɗauka.

Na fara ganinsa a gidan kallo na unguwarmu ina yaro, a kaset ɗin bidiyo, muna zaune kan benci janareto na ruri a waje. Kawuna ne ya biya mana kuɗin shiga. Da aka zo wurin da Jackie Chan ya shiga gidan abinci ya cika ciki, sannan ya yi dabarar ɗora wa wani dattijo kuɗin, ashe dattijon shi ne mai gidan abincin, sai da kawu ya riƙe ciki hawaye na zuba masa. Mutum ne da ba ka cika ganin haƙoransa ba. Shekarun baya na samu faifansa mai kyau, na kunna masa yana kwance ba shi da lafiya, ya sake yin wannan dariyar.

Abin da ya sa fim ɗin ya riƙe ni shi ne komai da jiki aka yi shi. Bayan rasuwar Bruce Lee a 1973, kamfanonin Hong Kong sun yi ta neman wanda zai gaje shi da ɗaure fuska da ihu, har Jackie ma an gwada shi a haka bai karɓu ba. Sai darakta Yuen Woo-ping ya bar shi ya zama yaro mai ƙiriniya da ke shan duka. Tsohon da ke horar da shi, mai jan hanci da goran giya, mahaifin daraktan ne, Yuen Siu-tien, wanda ya rasu a 1979. Ka kalli horon da kyau: an rataye yaro ƙafa sama kai ƙasa yana ɗibar ruwa da ɗan kofi daga wannan mazubi zuwa wancan, yana fasa ƙwallon goro irin nasu da yatsu. Kana dariya kana tausayinsa. Bos ɗin kuwa Hwang Jang-lee ne, gwanin shuri ɗan Koriya, ƙafarsa kamar bulala. Akwai salon faɗan mashaya guda takwas, na ƙarshe na mace ne, yaron ya raina shi ya ƙi koyo. A faɗan ƙarshe da wuya ta yi wuya, salon macen nan ne ya ƙirƙira da kansa yana rangwaɗa, da shi ya ci nasara.

Kung Fu Hustle na Stephen Chow, 2004, ba laifi, matar nan mai gidan haya da taba a baki ta iya abinta. Amma rabin faɗan aikin kwamfuta ne, sau ɗaya na kalla na ba ƙanena.

Abu ɗaya zan faɗa maka tsakani da Allah: giya ce ƙashin bayan labarin Drunken Master, jarumin sai ya sha yake ƙara ƙarfi. In da yara za ka kalla, ka zauna tare da su ka yi musu bayani.

Sannan ka yi hattara da masu tura fim a waya da masu faifai na bakin titi. Sun taɓa sayar mini da faifai da hoton Jackie a bango, na je gida na tarar da wani tsohon fim, an haɗa guntayen wasu wurare, wani can daban yana fitowa a madadinsa ana ɓoye masa fuska. Wasu kuma Drunken Master na biyu, na 1994, za su tura maka su ce shi ne na farko. Shi ma yana da kyau, amma ba shi ba ne. Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa a kunna maka a nan gabanka, ka tura gaba har ka ga tsohon mai jan hanci da goransa. Ka duba sautin ma, don wasu kwafin magana na gaba baki na baya.