Takarda ko Zaure: Ina Ya Fi Dacewa Ki Sa Alamarki a Biki?

'Yar'uwa, kin ce saura wata huɗu bikinki, ba kya son ya fito irin na kowa da kowa, amma abin da kika ware ba zai ɗauki komai ba. Kina tambaya ko ki ba da ƙarfi a kayan takarda, wato katin gayyata da ambulan da katin tebur da allon maraba da katin godiya, ko kuwa ki zuba a kwalliyar zaure, furanni da labule da fitilu. Zan jera miki su gefe da gefe, amma tun daga farko ga inda na karkata: ki fara da takarda, sannan a zaure ki zaɓi wuri ɗaya ki ƙawata shi sosai, ki bar sauran da sauƙi.

Abubuwan nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Kati yana isa hannun baƙo makonni kafin ranar, yana riƙe shi kusa da idonsa, ya juya shi, ya shafa, ya karanta sunayenku shi kaɗai cikin natsuwa, kuma idan ya yi masa kyau sai ya adana shi shekara da shekaru. Zaure kuwa daga nesa ake ganinsa, cikin hayaniya da gaisuwa, na 'yan sa'o'i, bayan nan sai a hoto. Saboda haka ƙaramin abu yana fitowa fili a takarda, alhali a zaure sai babban abu ido ke kamawa. Zanen fure ɗaya da kika zaɓa da kanki ya isa ya bambanta katinki da na kowa, amma fure ɗaya a zaure mai ɗaukar mutum ɗari uku babu wanda zai san da shi. Wannan ne dalilin da ya sa sa alamar kai a takarda ya fi araha nesa ba kusa ba: fili kaɗan ne kike cikawa.

A takarda, abin da hannu ke fara ji shi ne kauri. Ana auna shi da giram a kowane murabba'in mita. Takardar ofis da ake sa wa firinta giram 80 ce, katin gayyata mai mutunci kuwa yana farawa daga giram 250 zuwa 350, kuma bambancin 250 da 350 a hannu ya fi abin da lambar ke nunawa, domin na farko yana lanƙwasa idan an riƙe shi ta gefe, na biyu yana tsayawa cak. Game da girma, ki tsaya a kan ma'aunin da aka saba, saboda ambulan ɗinsa yana samuwa ba tare da an yanka miki na musamman ba: A6, mai milimita 105 da 148, yana shiga ambulan C6, shi kuma A5, mai milimita 148 da 210, yana shiga C5. Na sha ganin an ƙera kati mai kusurwa huɗu daidai ko mai siffar baka, ya yi kyau matuƙa, sai a ƙarshe neman abin saka shi ya ci kuɗin da ya kusa na katin kansa.

Hanyar bugu kuma iri uku ce za ki ci karo da su. Bugun dijital shi ne mafi sauri da sauƙi, yana ɗaukar launi ko nawa ne har da hoto, kuma ana iya sauya sunan baƙo a kowane kati ba tare da wani ƙarin aiki ba. Rauninsa shi ne ba ya fitar da zinari na gaskiya, domin tawada huɗu yake gaurayawa, waɗanda masu maɗaba'a ke kira CMYK, don haka ruwan zinarin da kika gani yana walƙiya a waya sai ya fito rawaya mai duhu marar ƙyalli. Idan zinari kike so ya ɗauki ido, sai bugun zafi, inda ake sassaƙa zanen a farantin ƙarfe, a zafafa shi, a danna siririn fallen zinari ko azurfa ya manne a takarda. Wannan fallen ba ya barin launin ƙasa ya ratso, shi ya sa yake tashi da kyau a kan kati baƙi ko shuɗi mai duhu. Na uku shi ne bugun dannawa, jikan aikin da Gutenberg ya fara a birnin Mainz na Jamus wajen 1450, wanda a yau ake yi a kan takardar auduga mai kauri har haruffan su lotsa ciki. Idan kika bi da yatsa a kan sunan, za ki ji ramin kowane harafi, kuma idan kika karkata katin ga haske sai ki ga siririyar inuwa ta kwanta a gefensa. Ni dai babu bugun da ke burge ni kamarsa, amma kowane launi yana buƙatar farantinsa da nasa zagaye a inji, saboda haka launi ɗaya ko biyu ake yi, kuma yana cin makonni. Tun da kuɗin faranti sau ɗaya ake biya, waɗannan biyun na ƙarshe sun fi riba idan katin yana da yawa. Ki kuma tuna cewa gida-gida ake ƙidaya kati, ba kai-kai ba, sannan ki ƙara kamar goma a kan kowane ɗari don waɗanda za a tuna daga baya.

Akwai wani abu da ya shafe mu masu rubutu da Hausa wanda nake roƙonki kada ki yi sakaci da shi. Yawancin salon haruffa masu lanƙwasa da ake sha'awa a katin biki ba su da ɓ da ɗ da ƙ. A wani kati da na taɓa kula da bugunsa, mun duba sunaye, mun duba kwanan wata, muka amince, sai da aka kawo ɗaurin katunan muka ga cewa a layin da ke cewa ɗaurin aure da ƙarfe huɗu, haruffan ɗ da ƙ sun fito da wani salo dabam, tsaye ƙiƙam a tsakiyar rubutu mai kwance, kamar an liƙa su daga baya. Kwamfutar ce ta aro su daga wani salon da ta ga dama. A wasu lokutan ma ɗan akwati fanko ne ke fitowa a madadinsu. Maganin ba wuya: kafin ki ƙaunaci salon rubutu, ki sa a rubuta miki waɗannan haruffa da shi, manya da ƙanana, ki gani da idonki, sannan a miƙa wa maɗaba'a aikin a PDF wanda aka riga aka mayar da haruffansa zane. Haka nan ki nemi samfuri guda a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, domin fuskar waya da haske take nuna launi, takarda kuwa da tawada, kuma takarda mai ruwan madara tana sauya duk launin da ya hau kanta. Idan akwai hoto, kada ya gaza ɗigo 300 a inci, kuma a bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka.

Abubuwan da suka fi sa kati ya zama naki sau da yawa ba su ne masu tsada ba. Sunan baƙo da aka rubuta da hannu a bayan ambulan ya fi duk wani ado isar da girmamawa. Hatimin roba guda mai ɗauke da haruffan farko na sunayenku zai yi miki aiki a ambulan da katin godiya da 'yan takardun da ake ratayawa a jikin kyauta. Ana iya naɗe katin da takarda shara-shara a ɗaure da zare, ko a manna ɗan busasshen fure. Hatimin kaki ma yana da kyau, sai dai idan ta gidan waya za a aika, injin tace wasiƙu yana iya fasa shi, don haka a sa shi cikin ambulan na biyu.

To, mu koma zaure. A nan abin da mutane ke fara tunani shi ne furanni, amma abin da ke mulkin wurin shi ne haske. Fitila mai haske rawaya-rawaya, wadda aka rubuta kelbin (ma'aunin launin haske) 2700 zuwa 3000 a kwalinta, tana sa fata ta yi sheƙi, ta sa zinari da ruwan madara su yi armashi, fara fat kuwa mai kelbin 6000 ko sama tana mayar da wurin kamar ɗakin aiki, ta kuma kashe launin da kika sha wahalar zaɓa. Fitilu masu launi da ake harbawa a bango suna cika fili mai faɗi da kuɗi kaɗan, amma a kiyaye kada kore ko shunayya su faɗa a fuskarku, domin mai hoto ba zai iya gyara wannan yadda ya kamata ba. Kyandir kuma ki tambayi masu zauren tukuna, da yawa ba sa yarda da buɗaɗɗiyar wuta, sai na batir.

Tsakanin ɗanyen fure da na roba, kowanne da wurinsa. Ɗanye yana da ƙamshi da laushin da ba a kwaikwaya, amma ranar ake haɗa shi ko jajibirinta, kuma zafi maƙiyinsa ne. Ba duka ne ke da juriya ɗaya ba: haidiranjiya tana yaushi da wuri idan ta rasa ruwa, kanashan da kirisantimam kuwa suna jimrewa, wardi yana tsakani. Koren soson nan da ake jiƙawa a soke furanni a ciki, wanda aka ƙirƙira a Amurka a 1954, shi ne ke riƙe su da ruwa, amma shi ma sai an bar shi ya nutse da kansa ya sha, in an danna shi da hannu tsakiyarsa na zama a bushe. Na roba ana iya haya, ana iya ɗaurawa kwana biyu kafin biki, kuma daga nisan mita uku ko a hoto da wuya a bambance. Shawarata ita ce ɗanye a hannunki da inda za a kusance shi, na roba a sama da bayan fage. A kan tebur, kada adon ya tsaya daidai tsayin fuska: ko ya zauna ƙasa da santimita 30, ko ya tashi sama da 60 a kan siririn tushe, don waɗanda ke fuskantar juna su ga juna. Balan-balan na roba mai iskar hiliyom ba ya wuce yini ɗaya a sama, wanda aka hura da iskar yau da kullum aka ɗaura a baka kuwa yana kwanaki.

Idan aka zo batun kuskure, su biyun sun sha bamban. Kuskuren takarda yana ninkuwa sau ɗari biyu, amma kina da damar kama shi tun da sauran lokaci, kina zaune, da samfuri a hannu, har ki ba mutum biyu da ba su san aikin ba su karanta miki a bayyane. Kuskuren zaure kuwa ranar yake bayyana, lokacin da ke kina can ana shirya ki, ba ki da ikon ko leƙawa. Shi ya sa duk abin da kike son ya ɗauki alamarki a zaure ya kamata ya zama irin wanda ake kammalawa tun da wuri a ajiye.

A nan ne takarda ke ciyar da zaure. Da zarar kin tsayar da tambari ɗaya, launi biyu da salon rubutu ɗaya a kan kati, to kin gama rabin aikin kwalliya, domin su ne za su hau allon maraba, lambar tebur, labulen da ke bayan kujerarku, har a haska tambarin a bango da majigi. Ki nemi mai zanen ya ba ki tambarin a fayil irin wanda ba ya fashewa idan an faɗaɗa shi, kamar SVG, don abin da aka zana wa ambulan ya iya hawa allo mai tsayin mita biyu. A allon maraba, harafi mai tsayin santimita biyu da rabi ana karanta shi da kyau daga mita uku, sai ki auna da inda baƙi za su fara hango shi. Launi kuwa kada ki bar shi a baki, domin abin da kike kira ruwan hoda ba lallai ne shi ne na mai labule ba. Ki ba kowa yankin ƙyalle ɗaya ko lambar Pantone ɗaya (tsarin da ke ba kowane launi lambarsa), mai bugu da mai fure da mai labule duka. Katin da za ki tura ta WhatsApp ma ya fito daga wannan zanen, kuma idan kwatancen wurin yana da tsawo, lambar QR a bayan katin takarda ta isa ta kai baƙo ga taswira ba tare da an cunkushe gaban da rubutu ba.

Akwai halin da zan juya shawarar. Idan mafi yawan baƙinki ta waya za su samu gayyata, ko kuma zauren da kika kama fili ne tsirara mai bangon da ba ya kalluwa, to ki buga katin takarda kaɗan na manya da waɗanda kike son su adana, ki mayar da ragowar kuɗin ga haske da bayan kujerarku, tun da nan ne kusan kowane hoto zai nuna. Amma ko a hakan tsarin aikin bai sauya ba. A wannan watan ki tsayar da tambari da launi, ki karɓi samfurin kati, sannan ki ɗauke shi tare da yankin ƙyallen ki je zauren a daidai sa'ar da za a yi bikin, ki sa a kunna fitilun wurin, ki ɗora su a kan tebur ki duba, kafin ki biya kowa kuɗin kafin alƙalami.